Gargaɗi ga masu neman otal kusa da tashar jirgin ƙasa a Zermatt

Jama'a, duk wanda ke shirin zuwa Suwizalan, ko taro ne zai kai shi Janeba ko hutu da iyali, kuma yana da niyyar leƙawa Zermatt ya ga tsaunin Matterhorn da idonsa, don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi da sunan kama ɗaki. Akwai 'yan damfara da ke tallar ɗakunan otal a WhatsApp da Instagram da Facebook, suna cewa wurin yana "dab da tashar jirgi", alhali ko dai babu otal ɗin sam, ko yana nan amma ba su da wata alaƙa da masu shi. Mutanenmu suna faɗawa hannunsu, kuma yawanci kunya ke hana su faɗa bayan sun dawo.

Sai an san yadda garin yake za a gane dalilin da ya sa maganar tasha ke saurin kama mutum. Zermatt ƙaramin gari ne a ƙarshen wani kwari a yankin Valais, a tsayin mita wajen 1,600, kuma ba a shiga cikinsa da motar gida. Mai mota yana ajiye ta ne a ƙauyen Täsch, kilomita biyar kafin garin, inda aka yi katafaren wurin ajiye motoci mai ɗaukar sama da dubu biyu, daga nan ya hau jirgin da ke tashi duk minti 20, ya isa cikin minti 12. Wanda ya taso daga Janeba ko Zurik kuwa zai canja jirgi a Visp, ya hau ƙaramin jirgin da ke hawa kwarin na sama da awa ɗaya. Tun 1891 layin dogo ya isa garin, kuma har yau kusan duk baƙo ta tashar nan yake shigowa. A cikin gari sai ƙafa, ko ƙananan motocin lantarki na otal-otal da tasi, ko bas ɗin lantarki. Tashar jirgin da ke hawa Gornergrat, wanda ke kai mutum tsayin mita 3,089, tana fuskantar babbar tashar ne, tsallaka fili kawai za ka yi.

To wanda ya zo da mahaifiya mai ciwon gwiwa, ko yara ƙanana da akwatuna huɗu, ga dusar ƙanƙara a ƙasa, ga unguwannin da sai an hau tudu, dole ransa ya kwanta da ɗakin da aka ce minti biyu ne daga tasha. Ɗakunan wajen suna da tsada, kuma suna ƙarewa da wuri, musamman daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, da watan Fabrairu, da Yuli da Agusta. A nan ɗan damfara yake ɗana tarkonsa. Ya san kana tsoron tsada, ya san kana tsoron rasa wuri, sai ya zo maka da abin da zai kashe tsoron biyu a lokaci ɗaya.

Ga yadda abin ya faru da wata 'yar'uwarmu da aiki ya kai ta Janeba, ta so ta yi ƙarshen mako a tsaunuka tare da mijinta. A wani zauren WhatsApp na matafiya aka turo lambar wani da aka ce yana samo ɗakuna da rangwame. Ya turo mata hotuna: gida na katako mai baranda, jajayen furanni a jere a bakin taga, tsaunin can a baya kamar an zana shi, gado da farin bargo. Ya ce mata, "Hajiya, wallahi daga ƙofar tasha kina hango shi. Saura ɗaki ɗaya, akwai wani Balarabe da ke nema, amma na ce a dakata miki zuwa ƙarfe shida." Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da ta gani a wasu wurare ba. Ya nemi rabi a matsayin kafin alƙalami, ya ba ta asusun banki mai sunan mutum, ya ce na manajan ne. Bayan ta tura, ya aiko mata da takardar shaida mai tambari da lamba da komai. Ranar da suka sauka, da dare, suka ja akwatuna zuwa adireshin. Otal ɗin yana nan, hotunan nasa ne, amma ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi ta duba kwamfuta ta ce babu sunansu, kuma lambar da ke takardar ba irin tasu ba ce. Suka kira mutumin, waya a kashe. A daren suka biya kuɗin wani ɗaki mai tsada ninki, don ba garin da mutum zai kwana a waje ba ne.

Abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan shi ne alamun suna nan tun farko, a cikin tallar kanta. An rubuta cewa akwai wurin ajiye mota kyauta a ƙofar otal. A garin da ba a shiga da mota! Wanda ya rubuta wannan bai taɓa taka Zermatt ba, kwafo bayanin ya yi daga wani wuri. Duk tallar da ta ce maka za ka tuƙo mota har bakin ƙofa, ko tasi zai ɗauko ka daga filin jirgin sama ya sauke ka a harabar otal kai tsaye ba tare da ambaton Täsch ba, ka rufe ta. Otal na gaskiya a can cewa yake yi ka kira shi idan ka sauka, ya turo motar lantarki ta ɗauke ka daga filin da ke gaban tasha.

Sannan maganar kuɗi. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, kuɗinta faran ne, ba yuro ba. Lambar asusun banki ta ƙasa da ƙasa ta Suwizalan tana farawa da haruffan CH. In an ce otal yana Zermatt amma aka ba ka asusu mai farawa da wasu haruffa na wata ƙasa, ko asusun naira mai sunan mutum, ko aka ce ka biya ta Western Union ko kuɗin kirifto ko katin kyauta, to magana ta ƙare. Lambar wayar ƙasar tana farawa da +41, ta tebur a yankin Valais kuma 27 ke biye. Otal da ba shi da lambar tebur, sai lambar WhatsApp ta wata ƙasa, ba otal ba ne. Araha ba ta ado, musamman a garin da ko shayi da burodi sai ka ji a aljihunka.

Akwai wata yaudarar da ta fi wannan sauƙi, amma ita ma cuta ce. Ɗakin yana nan, mai shi na gaske ne, sai dai "tashar" da ake nufi ta Täsch ce ko ta Randa, ƙauyukan da ke kan layin kafin Zermatt. Babu laifi mutum ya sauka a can in ya sani, mutane da yawa suna yi don sauƙin kuɗi. Laifin shi ne a sayar maka da shi a farashin cikin gari, ka wayi gari kana sayen tikitin jirgi zuwa da dawowa kullum. Ka duba lambar gidan waya a adireshin: 3920 ce ta Zermatt, 3929 ta Täsch, 3928 ta Randa. Ka sa adireshin a taswirar Google, ka zaɓi tafiyar ƙafa, ka ga minti nawa ne da gaske, kuma ka lura ko hanyar hawa ce.

Nau'in da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne wanda ke kama har masu taka-tsantsan. Ka kama ɗaki a babban shafi sananne, otal na gaskiya, komai daidai. Bayan kwana biyu sai saƙo ya shigo, wani lokaci a cikin manhajar kanta, wani lokaci ta WhatsApp, ɗauke da cikakken sunanka da ranar zuwanka da lambar shaidar kama ɗakinka. Saƙon ya ce katinka bai wuce ba, ka latsa nan ka sake tabbatarwa cikin awa 24 ko a soke. Abin da ya faru shi ne ɓarayin sun sace kalmar sirrin ma'aikatan otal ɗin, galibi ta hanyar tura musu saƙo mai ɗauke da muguwar manhaja da sunan baƙo, suka shiga suna ganin jerin masu zuwa, suna rubuta musu da sunan otal. Tun 2023 ake ta ba da rahoton irin wannan ga masu amfani da shafin kama ɗakin otal na Booking.com a ƙasashe da dama. A Birtaniya, hukumar karɓar ƙorafin damfara ta wancan lokacin, Action Fraud, ta ce daga Yunin 2023 zuwa Satumban 2024 ta samu rahotanni sama da 500, inda aka yi asarar fam dubu 370. Shafin da za a kai ka yana kama da na ainihi sak, launi da tambari, sai dai in ka duba adireshinsa da kyau za ka ga an ƙara harafi ko wata kalma. Da ka rubuta lambar kati da lambar da banki ya turo maka ta waya, an gama.

Maganin wannan guda ɗaya ne, kuma ina roƙon kowa ya riƙe shi: kada ka biya ta hanyar da saƙo ya kawo maka. Ka rufe saƙon, ka nemo lambar otal ɗin da kanka daga shafinsa ko daga shafin ofishin yawon buɗe ido na Zermatt, wanda ke da jerin masaukan garin, ka kira. Jamusanci ake yi a can, amma ma'aikatan otal suna jin Turanci, da yawa suna jin Faransanci, don haka 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi ba su da matsala. Tambaya biyu ce: akwai ɗaki da sunana a ranar kaza? Ku kuka turo mini saƙon biyan kuɗi? Kiran minti uku ne, kuma da 'yar'uwar nan ta yi shi da kuɗinta na hannunta.

Na san abin da ke tura mutanenmu hannun masu shiga tsakani. Daga 2022 bankunan Najeriya da dama suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, kuma ko da aka dawo da shi a 2025 da iyaka aka dawo. Mutum yana da kuɗinsa amma katinsa ba ya wucewa, sai ya nemi wanda zai biya masa ya ba shi naira. Akwai ejan-ejan na kirki masu ofis da rajista da ke wannan aiki da amana, ban ce a guje su duka ba. Amma ko wane ne ya biya maka, ko ɗan unguwarku ne, ka karɓi lambar shaidar, ka kira otal ɗin ka ji daga bakinsu cewa an biya, ba ajiye suna kawai aka yi ba. Wasu sukan kama ɗakin da ake iya sokewa kyauta, su nuna maka takarda ta gaskiya, ka ba su kuɗi, bayan kwana biyu su soke. Don haka ka sake kira ana saura mako ɗaya tafiya.

Wannan ya haɗu da maganar biza. Suwizalan tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, tun 2008, kuma cikin takardun da ake nema akwai shaidar masauki. Wanda ya miƙa takardar otal ta bogi, ko da bai san ta bogi ba ce, shi za a hana biza, ba ejan ba. Kuɗin biza, yuro 90 ga babba, ba a mayarwa, kuma ana ajiye bayanin hanawar a rumbun da ƙasashen yankin ke dubawa. Ka ga asarar ta wuce kuɗin ɗaki. Haka nan kada ka tura hoton fasfonka ga lambar da ba ka tabbatar da mai ita ba don wai "rajistar otal". Otal zai nemi fasfo idan ka iso, a teburin karɓar baƙi.

Hotuna kuma ba shaida ba ne. Ka sa hoton da aka turo maka a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sau da yawa za ka gan shi a shafin wani otal mai wani suna, wani lokaci ma a wani gari daban. Sharhin yabo da aka turo maka a hoto ma haka, kowa na iya rubuta shi. Ka je ka karanta sharhin da kanka a inda aka wallafa shi, ka fi mai da hankali ga na baya-bayan nan.

In kuma aikin gama ya gama, ka riga ka tura, kada ka tsaya jin kunya. Ka kira bankinka nan take a rufe katin, ka shigar da ƙorafi a rubuce. Kuɗin da aka cira ta kati ana iya neman a dawo da su, wanda aka tura asusu zuwa asusu kuwa da wuya, amma in ka yi sauri banki na iya neman a riƙe asusun da aka tura wa. Ka ɗauki hoton hirar gaba ɗaya da rasit da lambar asusun kafin ya goge. Ka sanar da otal ɗin da aka yi amfani da sunansa, domin su ja kunnen sauran baƙinsu. In asusun na Najeriya ne ka kai ƙara EFCC ko wurin 'yan sanda, in kana Suwizalan ka je ofishin 'yan sanda, lambarsu ta gaggawa 117 ce. Sannan ka koma zauren da ka samo lambar mutumin ka faɗa a fili, da lambar wayarsa da asusun da ya ba ka, ka roƙi masu kula da zauren su cire tallarsa, domin yawanci irinsu ba mutum ɗaya suke yi wa magana a lokaci guda ba.