Muhawara ko wasan kwaikwayo a darasin soshiyal? Amsa ga Malama

Malama sannu da fama. Kin ce ajinki na JSS 2 yara sun haura 70, da kin juya kina rubutu a allo rabinsu sun fara gyangyaɗi, shi ne kike tambaya tsakanin muhawara da wasan kwaikwayo wanne ya fi tada su. Toh ni duka biyun na gwada a wata makaranta nan Tudun Wadar Zariya, kuma gaskiya ba aiki ɗaya suke yi ba.

Muhawara ita ce mai sauƙin shiri, ba kya buƙatar komai sai take mai kyau da agogo. Amma ki lura, a fiiriyod ɗaya na minti 40 yara nawa ne za su yi magana? Shida, in an matsa takwas, kuma su ne dai waɗannan na layin gaba masu ɗaga hannu kullum. Sauran sittin da wani abu sun zama 'yan kallo, sai tafi da ihu. In kuma kika ce dole da turanci za a yi to kin gama kashe ta, yaro zai je yayansa ya rubuta masa ya haddace, gaisuwar alƙalai da mai duba lokaci kaɗai ta cinye rabin mintunansa, in kika tambaye shi me ya faɗa ya tsaya yana kallonki. Abin da na koma yi shi ne in raba ajin layi-layi, kowane layi su haɗa kai su rubuta hujja uku, sannan ni zan zaɓi wanda zai tashi ba su ba, kinga dole kowa ya saurara don bai san ko shi za a kira ba. Kuma ina barinsu su fara da Hausa, daga baya mu juya hujjojin zuwa turanci a allo.

Taken da ya fi kama wuta a wajena shi ne ko ya dace a hana talla lokacin makaranta. Ranar wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta miƙe ta ce malam in ban kai ƙosai kasuwar Sabon Gari da safe ba wa zai biya kuɗin littafin, ajin ya yi tsit. Babu abin da zan rubuta a allo kan talauci da haƙƙin yara da zai kai wannan. Amma fa irin wannan take sai da lura, kar a bari ya koma gori.

Wasan kwaikwayo shi kuma akasin haka ne, yana ɗaukar yara da yawa lokaci guda, har wanda ba ya iya haɗa jimla da turanci zai samu abin yi. Inda ya fi min amfani shi ne darasin rikici da sulhu da kuma na shugabanci. Na ba su labari ɗan ƙarami, akuyar wani ta shiga gonar maƙwabci ta cinye masara, aka kai ƙara wajen mai unguwa, abu ya gagara aka wuce wajen dagaci, daga nan sai hakimi. Ban koya musu komai kan yadda ake zaman ba wallahi, su suka san a cire takalmi, a durƙusa, a ce ranka ya daɗe, wani ma ya naɗa ɗankwalin ƙanwarsa ya zama rawani. Bayan sun gama sai na ja layi biyu a allo, gefe ɗaya mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, ɗaya gefen kansila, ciyaman, gwamna, muka tsaya kan wa ake zaɓa wa ake naɗawa, kuma wace irin matsala ake kaiwa ina. Anan ne ma da yawansu suka fara sanin cewa Zariya da Sabon Gari ƙananan hukumomi biyu ne daban cikin 23 na jihar Kaduna, su duk a tunaninsu ciyaman ɗaya ne.

Matsalarsa hayaniya da cin lokaci. Karon farko da na yi sai da malamin ajin kusa ya leƙo yana tambaya ko faɗa ake, kuma ƙararrawa ta buga ba mu tattauna komai ba, sati na zagayowa na tambaye su me muka koya, abin da suka tuna kawai yadda mai akuya ya faɗi ƙasa yana kuka. Laifina ne. Tun daga nan wasa ba ya wuce minti 15 a wajena, sauran lokacin na tambayoyi ne da ɗan taƙaitaccen rubutu, don jarrabawar JSS 3 ba za ta tambaye su wa ya fi iya naɗa rawani ba. Ta wannan fuskar muhawara ta fi, saboda hujjojin da suka kawo su ne kai tsaye ke zama abin rubutawa a littafi.

Akwai kuma inda duka biyun ban yarda da su ba. Duk abin da ya taɓa addini ko ƙabila ba na sa shi muhawara, ajinmu na Sabon Gari da Samaru kowa akwai a ciki. Haka tarihin sarautar Zazzau, gidaje huɗu ne, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, kuma tsaf za ki samu jikokin gidajen nan zaune a ajinki, kar ki soma cewa a yi gardamar wane gida ya fi, kar kuma ki sa yaro ya kwaikwayi Sarki ana dariya, magana za ta koma gida. A nan gara ki ba su aikin tambaya, kowa ya je wajen kakarsa ko wani dattijo ya tambayo sunan ƙofar da ta fi kusa da su da abin da aka sani game da ita, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kibo da sauransu, su zo su faɗa a aji, daga nan ki shiga maganar ganuwa da Sarauniya Amina. Kyauta ne, ba sai kin nemi kuɗin mota ko takardar izinin fita ba.

Da ni ce ke da yara 70 masu barci, da wasan zan fara, sati biyu ko uku har bakinsu ya buɗe su saba tashi gaban aji, sannan in shigo da muhawarar layi-layi. Ki dai sanar da maƙwabtan ajinki tun da safe, kuma ki zaɓi fiiriyod ɗin da ke dab da tashi birek.