Garejin da ya riƙe mini babur tsawon hunturu

A ƙarshen watan Nuwamba aiki ya kai ni Agadez na tsawon wata huɗu, kuma da yake ba ni da wanda zan bar wa babur ɗina ƙirar Haojue ya riƙa motsa shi, sai na kai shi wani ƙaramin gareji a unguwar Zango, nan Damagaram, domin a shirya shi a kuma ajiye mini. Na taɓa yin irin wannan tafiya na jingine shi a zaure na lulluɓe da leda, da na dawo kuwa ya ƙi tashi, har sai da aka kwance karbureta, wato na'urar da ke haɗa mai da iska, aka wanke ta.

Abin da maigidan garejin ya fara tambayata shi ne inda na sha man da ke cikin tanki, ko a gidan mai ko a wurin masu sayarwa a kwalba. Tambayar tana da dalili, domin duk da matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut tana aiki tun shekarar 2011, a lokacin yawancinmu man kwalba muke sha saboda sauƙi, shi kuwa yakan zo da ƙura ko ɗigon ruwa. Ya bayyana mini cewa fetur, ko da mai kyau ne, idan ya daɗe a zaune ɓangarensa mai sauƙi yana bin iska, abin da ya rage kuma ya yi danƙo ya toshe ƙananan ƙofofin karbureta, waɗanda wasunsu ba su wuce bakin allura ba.

A nan muka ɗan yi gardama. Na ce masa na karanta cewa a Kanada da arewacin Turai, inda ake ajiye babur saboda ƙanƙara, cika tanki ake yi fal don kada raɓa ta taru a ciki ya yi tsatsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, hunturunmu leɓe yake fasawa, ina raɓa za ta fito?" A ganinsa abokan gabar babur a wannan lokaci su ne ƙura da tsohon mai, amma da tafiyar tawa za ta kai damina, da ya bi shawarar masu ƙanƙarar. Wannan amsa ce ta sa na amince da shi, domin ya auna maganar da yanayin garinmu. Ya rufe famfon mai, ya bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, ya kwance ƙaramin noti na ƙarƙashin karbureta ya tsiyaye abin da ya rage, sannan ya juye man tankin a galan ya ba ni.

Sauran aikin ma a gabana aka yi shi. Tun injin yana da ɗumi aka yi bidanji, wato aka canza baƙin mai, saboda tsohon baƙin mai yana ɗauke da dattin da ke cin ƙarfe idan ya kwana wata da watanni. Aka cire buji, aka ɗiga mai kamar cokalin shayi ɗaya a ramin, aka taka kik a hankali don ya shafi bangon silinda. Aka wanke sarƙa da kananzir aka shafa mata mai, aka ƙara wa tayoyi iska, aka ɗora babur ɗin a kan babbar ƙafarsa. Abin da ban taɓa tunaninsa ba shi ne toshe bakin salansa da ƙofar shan iska da tsumma, don kada ɓera ya yi sheƙa ko zanzaro ya yi gini a ciki. Daga ƙarshe aka rufe shi da tsohon zanen gado maimakon leda.

Sai dai ba duka ne ya gamsar da ni ba. An cire batir, kuma an yi mini alkawarin za a riƙa yi masa caji kowane wata, tunda batir yana zubar da wutarsa ko ba a amfani da shi. Da na dawo a watan Maris, ma'auni bai nuna ko volt 12 ba, alhali cikakken batir yakan kai 12.6, yaron garejin kuma ya amsa cewa sau ɗaya kawai aka yi cajin. Haka nan ba a yanke mini kuɗin ajiya tun farko ba, sai ranar karɓa aka haɗa shi da kuɗin aiki, babu ko takarda, abin da ya sa muka ɓata lokaci muna ciniki.

Injin kansa kuwa, da aka zuba sabon mai aka cire tsummokaran, a taku na uku ya tashi, ya yi ɗan hayaƙi na minti kaɗan sannan ya daidaita. Zan sake kai masa babur ɗin idan tafiya ta kama, amma zan nemi a faɗa mini farashi kafin a taɓa spana, batirin kuma zan bar shi a hannun ƙanena.