Taiko ko Project DIVA? Amsar mai neman waƙoƙin Jafan a Switch

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka saya wa na'urar wasanka ta Switch tsakanin Taiko da Project DIVA. Tunda waƙoƙin Jafan na zamani kake so ka riƙa bi da hannunka, ka sayi Taiko no Tatsujin. Duka biyun na saya da kuɗina, amma ɗaya ne har yau muke kunnawa a gida.

Nawa shi ne Rhythm Festival, wanda Bandai Namco suka fitar a 2022, da waƙoƙi 76 a ciki. Wasan ganga ne, tun 2001 ake buga shi a gidajen wasanni na Jafan. Idan jan ɗigo ya taho sai ka doki tsakiya, idan shuɗi ne ka doki gefe. Iyakar dokar ke nan. Da ƙaramar sallah ƙanwata ta karɓi sandunan gangar da ake jonawa da Switch, ita da ko kalma ɗaya ta Jafananci ba ta sani ba. Ta zaɓi Gurenge, waƙar buɗe katun ɗin Jafan mai suna Demon Slayer, don ta saba jin ta a waya. Gangar ta yi ta zamewa a kan tabarma, sai ta danne ta da gwiwoyi biyu, tana duka tana rera abin da kunnenta ya kama. Kafin magariba ta bar mataki mai sauƙi ta hau na biyu, har mahaifiyarmu ta jawo kujera ta zauna kallo. Wannan ranar kaɗai ta fanshe min kuɗina.

Ka sani dai, da yawa daga waƙoƙin da suka yi tashe ba muryar mawaƙan asali za ka ji ba, wasu ne suka sake rerawa. Ɗaruruwan ƙarin waƙoƙi kuma suna cikin Taiko Music Pass, shi kuwa biya ake yi lokaci-lokaci, kuma sai da intanet.

Project DIVA Mega Mix na Sega, na 2020, ya fi yawan waƙa, 101 ne. Sai dai Hatsune Miku, wadda ke rera yawancin waƙoƙinsa, manhajar waƙa ce da ta fito a 2007, kuma kunnena bai karɓi muryar kwamfuta ba. In kana sonta, to.

Abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa: ka yi hattara da masu sayar da ganga. Ta gaskiya kamfanin HORI ne ke yin ta. Wani mai shago ya taɓa miƙo min jabu a kwali mai kyalli, yana rantsuwa ita ce. Da na gwada, in na doki gefe sai ta yi shiru. Ka sa a jona ta, ka buga waƙa guda har ƙarshe kafin ka ciro kuɗi. Masu cewa za su zuba maka wasan da araha ta asusunsu kuwa, ranar da suka canja lambar sirri kuɗinka sun tafi.

In ka kai gida, ka fara shiga saiti ka daidaita sauti da talabijin ɗinka, in ba haka ba za ka doka daidai ya ce ka makara.