Gargaɗi: ruwan "farin haƙori" da ake talla a zangunan Kumasi yana ƙona harshe

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo, Asawase da Sabon Zango. Akwai wani mutum da ke yawo a babur da lasifika yana sayar da wani ruwa a 'yan kwalabe, wai yana faranta haƙora cikin minti biyar, yana kuma kashe warin baki. Har a WhatsApp yake talla, a tura masa kuɗi ta MoMo, wato ta wayar hannu. Don girman Allah kada ku saya. Kwalbar babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa, babu lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. In ka tambaya sai ya ce haɗin gida ne.

Dabararsa ita ce ya tsoma tsohon kwabo da ya yi baƙi a cikin ruwan, ya fito da shi yana ƙyalli, mutane su yi ta kabbara. To, wannan aikin asid ne. Farin da ake gani a haƙori fatar samansa ce ta zagwanye, kuma ba ta sake fitowa.

Wata yarinya a layinmu ta kurkure baki da shi ana gobe biki. Kafin Isha'i harshenta ya kumbura, samansa ya yi fari-fari yana saɓulewa, yawu na zuba, ko koko ta kasa haɗiya. Uwarta kuka kawai take yi. Abin ya tsaya min a rai.

In ruwan kwalbar ya taɓa bakin wani, a yi ta kurkurewa da ruwa mai tsabta ana tofarwa. Iyayenmu mata, na san hannu kan tafi wajen manja, amma kada a ba shi, kada a sa shi amai, domin abin zai sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa. Kada a zuba lemun tsami, kanwa ko toka. A ɗauki kwalbar a tafi asibiti. In ya haɗiye, ko murya ta dishe, ko numfashi na sarƙewa, a kira lambar gaggawa 112 ko a wuce asibitin Komfo Anokye kai tsaye, ko da harshen bai nuna komai ba. Ƙunar ciki kan iya matse hanyar abinci bayan makonni, saboda haka in tuwo ya fara tsayawa a wuya, a koma wajen likita.

Wanda ya riga ya saya, ya ɗauke kwalbar daga inda yara ke kaiwa, ya kai ta ofishin FDA na Kumasi tare da lambar MoMo ɗin da ya tura wa kuɗi.