Aikin kai saƙo a Ingila, da abin da nake hango masa

Salamu alaikum ƙanena. Ka gaishe min da Inna da sauran mutanen gida. Ka tambaya ko da gaske ne masu kai abinci a kan keke suna kwasar kuɗi a nan, har kana tunanin sayar da babur ɗinka ka nemi hanyar zuwa. To, ga yadda abin yake.

Adireshi ne ke tafiyar da aikin nan. Kowane layi da lambarsa ta gidan waya, kowane gida da lamba a ƙofa. Ka saka a waya, taswira ta kai ka har dandamali. Babu zancen "in ka wuce masallacin Juma'a ka tambayi mai shayi". An kuma biya kuɗin kaya tun kafin a ɗauko su. Direba zai dire kwali a bakin ƙofa, ya ɗauki hoto, ya yi gaba, ko sallama babu. Ga mai saye daɗi ne. Ga mai kaiwa kuwa, wanda ya sauka jiya ma zai iya, don haka in ka yi zuciya ka daina, kamfani ko a jikinsa.

Da magariba sai ka ga samari jingim a bakin shagon soyayyar kaza, kowa da ƙatuwar jaka a baya, ido a kan waya, sanyi na kaɗa su, ana jiran oda ta faɗo. Deliveroo da Uber Eats da Just Eat galibi a kan kowace oda suke biya, manhaja ce kuma ke yanka farashin. A takarda kai mai zaman kanka ne: abin hawa naka, mai da gyara a wuyanka, babu hutu mai albashi. A 2021 Kotun Ƙoli ta ce direbobin tasi na Uber ma'aikata ne, a ba su mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu. Masu keke suka sa rai. A Nuwamban 2023 kotun ta ce masu kai wa Deliveroo ba ma'aikatansa ba ne, ƙungiyarsu ba za ta tilasta masa zaman ciniki ba. Ranar 14 ga Fabrairun 2024 har yajin aiki suka yi saboda ƙarancin kuɗin oda. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ya zama fam 12.21 a awa, amma mai zaman kansa dokar ba ta rufe shi ba.

Wani abin da masu ba ku labari ke ɓoyewa: bizar ɗalibi ta hana aikin zaman kai gaba ɗaya. Shi ya sa wasu ke hayar asusun manhajar wani suna biyansa duk mako. Yanzu manhajojin kan nemi ka nuna fuskarka a tsakiyar aiki, jami'an shige da fice kuma suna kame.

Mutum-mutumin da kuke gani a bidiyo gaskiya ne. A nan Milton Keynes tun 2018 na kamfanin Starship suke yawo a gefen titi: farin akwati mai taya shida da 'yar tuta, yana tafiya kamar tsohuwa mai dawowa daga unguwa, ya tsaya ya jira motoci su wuce kafin ya tsallaka. Yana kai madara da burodi daga shagunan Co-op, amma ba ya hawa bene. Amazon kuma ta zaɓi garin Darlington domin kai kaya da jirgi maras matuƙi. Ni dai ba su ne ke ba ni tsoro ba. Akwatunan ƙarfe na InPost da ke bakin manyan shaguna su ne ke cin aikin a ɓoye: mota ɗaya ta zo ta cika su, kowa ya zo da wayarsa ya buɗe nasa. A 2025 InPost ta saye kamfanin kai kaya na Yodel, DoorDash ta Amurka kuma ta saye Deliveroo a kan kusan fam biliyan 2.9. Kaya na ƙaruwa, kamfanoni na haɗewa, rabon mai kaiwa a kan kowane kwali yana raguwa.

A gida lamarin daban ne. Jumia Food da Bolt Food sun rufe a Najeriya a ƙarshen 2023, amma saƙo bai daina tafiya ba: direban tasha, lambar waya, "in ka iso ka kira ni". Zipline na kai magani ta sama a jihar Kaduna tun 2022, sai dai asibitoci yake kai wa. Matar aure mai sayar da turare ko atamfa ta WhatsApp mutum take nema wanda ya san lungu, ya san yadda ake sallama a gidan mutane, ya karɓo kuɗi ya kawo cif. Wannan kam manhaja ba ta da shi, kai kana da shi. Shawarata, ka riƙe babur ɗinka ka tara irin waɗannan kwastomomi.

Matsalarka mai ce, tun cire tallafi a 2023. Kar ka yi wa kowa farashi ɗaya, kuma ka riƙa haɗa saƙonnin unguwa ɗaya a fita ɗaya. Ka turo min kuɗin lita a yanzu da abin da ake caji daga Kantin Kwari zuwa Hotoro, mu yi lissafin tare.