Fanka na huci, kwamfuta na jan ƙafa: me ya kamata ka saya, me ya kamata ka bari?

Idan ka shiga Computer Village a Ikeja da laftof a ƙarƙashin hammata, ka ce tana zafi, fankarta ba ta hutawa, komai ka danna sai ta yi tunani, ba za ka rasa amsa ba. Na farko zai ce ram ne ya yi kaɗan. Na biyu zai ce a yi mata fomatin. Na uku zai juya ta sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, wannan ta gama yayi, cika kuɗi ka ɗauki wata." Ba lallai ƙarya suke yi ba. Kowa dai yana ba ka maganin da ke cikin shagonsa ne. Kai kuma da ka sha gosulo daga Agege ko Mile 12 ba ka son komawa hannu rabbana, sai ka biya.

Tun kana gida za ka iya gane wanne ne naka. A daidai lokacin da kwamfutar ta fara nauyin, danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, wato tagar da ke nuna abin da kowace manhaja ke ci. Akwai layuka uku da za ka sa wa ido: CPU (furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar), Memory (ram), da Disk (faifan ajiya). Danna kan CPU domin wanda ya fi ci ya hau sama. Idan ka ga Microsoft Windows Search Indexer ne ke zaune a kan gaba, ko 'yan rakiyarsa biyu, Search Protocol Host da Search Filter Host, to ka kama mai laifin. Amma kada ka rufe tukuna. Dubi Disk: ya cika 100%? Dubi Memory: ya haura 85%? Ka ɗauki hoton allon da wayarka, domin waɗannan lambobi uku su ne za su raba maka abin da ya cancanci kuɗinka da wanda bai cancanta ba.

Shi wannan Indexer ba bairos ba ne, ɓangaren Windows ne. Aikinsa irin na yaron shago ne da ke bin kwalaye yana rubuta abin da ke cikin kowanne a littafi, don in mai saye ya tambaya ba sai an birkita sito ba. Yana bin fayiloli yana tattara sunayensu, har da kalmomin da ke cikin takardun Word da PDF da saƙonnin Outlook, yana zuba su a fihirisa guda. An tsara shi ya rage gudu idan kana aiki, ya ƙara idan ka tashi. Saboda haka in an sa sabon Windows jiya, ko an yi babban sabuntawa, ko ka juye kayan wayarka gaba ɗaya, ganin sa yana aiki tuƙuru ba matsala ba ce. Ka bar ta a jone ta kwana. Matsala ita ce a yi kwanaki yana nan a sama bai sauka ba.

Microsoft da kansu sun ba da ma'auni: kwamfutar mutum na yau da kullum ba ta cika wuce abubuwa 30,000 a fihirisa ba, daga 400,000 ake fara jin nauyi, kuma a wajen miliyan 1 abin yakan fi ƙarfinsa. Lambar taka tana rubuce a saman Indexing Options, cikin Control Panel. Mai shagon buga takardu da ya tara fasfo da takardun kwastoma na shekaru, ko mai harkar fito da kaya a Apapa da Outlook ɗinsa bai taɓa goge saƙo ba, zai yi mamakin lambar da zai gani.

Zaɓi na farko kyauta ne, kuma a ganina shi ke warware mafi yawan irin wannan ƙorafi. Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Mayun 2019 aka kawo hanyoyi biyu a saitin Searching Windows: Classic da Enhanced. Classic yana tsayawa ne a Documents, Pictures, Music da Desktop. Enhanced kuwa yana bin kwamfutar gaba ɗaya. In ka tarar an kunna Enhanced a tsohuwar na'ura, mayar da shi Classic. Daga nan ka shiga Indexing Options, ka danna Modify, ka cire alamar duk foldar da ba ka neman komai a cikinta: inda ka zuba hotuna da bidiyon WhatsApp, inda aka ajiye kwafin tsohuwar kwamfuta, da foldar da wata manhaja ke rubutu a ciki ba dare ba rana. Wannan ta ƙarshe ita ce muguwa, domin duk sanda fayil ya canza sai Indexer ya koma kansa. A ƙarƙashin Advanced akwai File Types, inda za ka ce masa ya riƙe sunan PDF kawai ba sai ya karanta cikinsa ba. Wani lokaci fayil ɗaya tak da ya lalace ne ke sa shi zagaye a wuri guda.

In duk wannan bai yi ba, a nan Advanced ɗin akwai Rebuild, wanda ke zubar da tsohuwar fihirisar ya gina sabuwa. Ka sani fa, zai ƙara cin furosesa na awanni kafin ya lafa, don haka ka yi shi ranar da kake da tabbacin wuta, ba ranar da kake ƙirga litar fetur a janareta ba.

Wasu sukan ce a kashe shi kawai a huta. Ana iya yi: ka rubuta services.msc a wurin bincike na Start, ka nemo Windows Search, ka mayar da shi Disabled. Fanka za ta yi shiru, amma neman fayil zai koma a hankali, kuma binciken saƙo a tsohon Outlook zai lalace ko ya yi rauni sosai. Wanda ba ya amfani da Outlook, kuma da suna yake neman fayilolinsa, zai iya kashe shi ya sa Everything na voidtools. Kyauta ce, ƙarama ce, tana karanta jerin sunaye kai tsaye daga teburin faifai irin na NTFS, shi ya sa kafin ka gama rubuta suna ta fito da shi. Abin da ba za ta ba ka cikin sauri ba shi ne neman kalmar da ke can cikin takarda. Mai neman "wasiƙar nan da na ambaci kwantena a ciki" gara ya bar Indexer da ransa, ya rage masa kaya kawai.

Kafin mu wuce: danna dama a kan sunan Indexer a Task Manager ka zaɓi Open file location. Na gaskiya yana zaune ne a C:\Windows\System32. In ya kai ka wani wuri dabam, wani abu ne ya ari sunan, kuma maganar ta koma ta bairos.

Fomatin fa? Ba na ba da shawararsa a kan wannan matsala. Za ka biya kuɗin aiki, ka yi kasadar rasa fayiloli, sannan da zarar an mayar da kayanka Indexer ya fara ƙirga su daga ɗaya. In yawan kaya ne sanadin, bayan mako guda kana inda kake.

Yanzu ga inda kuɗi ke shigowa, kuma zan fara da wanda ba a cika ambata ba: batir. Yawancin laftof ɗin tokumbo da ke hannun mutanenmu batirinsu ya mutu ko yana gargara. An ɗauke wuta, kafin yaro ya je ya tayar da inji ta mutu ɗif. Fihirisar nan rumbun bayanai ce da ake rubutu a cikinta kusan kodayaushe, fayil ne da ake kira Windows.edb a Windows 10, Windows.db a Windows 11. Yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya lalata ta, sai Windows ya shiga gyara ko sake gini. Gobe a sake ɗaukewa, a sake komawa. Idan ka lura nauyin yana biyo bayan mutuwar bazata ne, batir kake buƙata, ko UPS in ta tebur ce. Don ka san halin naka, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe fayil ɗin rahoton da zai ajiye, ka kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. In na biyun bai kai rabin na farko ba, ka san inda aka kwana.

Sai SSD, faifan ajiya na zamani marar juyi, wanda shi ne sayayyar da na fi tsaya wa in har layin Disk ne ke cika 100% kuma na'urarka tana da tsohon faifai mai juyi. Faifan laftof na HDD yawanci yana juyi 5,400 a minti, yana ba da wajen megabait 100 a daƙiƙa in fayil babba ne. SSD na SATA yana kaiwa wajen 500. Amma ba nan ne ainihin bambancin ba. Aikin Indexer buɗe dubban ƙananan fayiloli ne ɗaya bayan ɗaya, kuma a HDD kowanne sai allura ta yi tafiya ta nemo shi, yayin da kai ma kana jiran layi don buɗe Chrome. SSD ba shi da abin da ke motsi, don haka wannan jiran ya kau. Gaskiyar da mai sayarwa ba zai faɗa ba: SSD ba ya ƙara wa furosesa ƙarfi. Yana sa aikin ya ƙare da wuri ne, kuma ka daina jin sa. In fihirisar ce ta lalace ko wata folda ce ke sa shi zagaye, sabon faifai ba zai hana CPU hawa ba, musamman in an kwafe tsohon Windows ɗin yadda yake zuwa sabon.

Wajen saye, ka san irin wanda na'urarka ke karɓa. Akwai mai inci 2.5 da ke shiga gurbin tsohon faifai, akwai siririn nan M.2, shi ma kashi biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowane gurbi ke karɓar duka biyun ba. Duba lambar samfurin da ke ƙasan laftof ɗin ka nemi bayaninsa kafin ka fita. Gigabait 256 ya ishi mai aikin takardu, mai hotuna ya nemi 512. Sunaye irin su Samsung, Kingston da WD sanannu ne, kuma sanannen suna shi ake yi wa jabu, don haka kwali ba shaida ba ne. Ka ce a sa shi a gabanka, a buɗe CrystalDiskInfo, ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki. Wanda aka ce sabo ne amma ya nuna dubban awanni, cirarre ne daga wata na'ura. Cirarren ma ba haramun ba ne in lafiyarsa ƙalau, amma a ba ka shi a kuɗin cirarre. Kuma ka karɓi tsohon faifanka ka tafi da shi gida. Hotunan iyalinka da takardun bankinka suna ciki, kuma da ƙaramin gida mai USB zai zama maka ma'ajiyar waje.

Ram yana da amfani ne kawai idan Memory ke cika. Mai gigabait 4 da ke buɗe Chrome da Word tare zai ga canji in ya koma 8, domin Windows zai daina aron faifai a madadin ram. Mai 8 da Memory ɗinsa ke zaune a rabi, ƙari ba zai taɓa matsalar Indexer ba ko kaɗan. DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, wasu siraran laftof kuma nasu a like yake da allon ciki, ba a ƙarawa.

Akwai kuma ƙaramin aikin da ya fi kuɗinsa: a buɗe ta, a share ƙurar da ta toshe fanka, a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi. Furosesa in ya yi zafi da kansa yake rage gudu, sai aikin awa ɗaya ya koma na uku. A zafin Legas, ga ɗaki babu iska, ga laftof a kan katifa, wannan kaɗai yakan sauya labari.

Canza na'ura gaba ɗaya saboda Indexer ɓarnar kuɗi ne. Amma akwai wani dalili dabam da zai iya sa ka yi. Microsoft sun rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance yana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura, sannan a ɓangaren Intel kusan sai furosesa zubi na 8 zuwa sama. In taka ta girmi haka, kuma tana neman batir da SSD da ram a lokaci guda, ka haɗa lissafin ukun ka ajiye shi kusa da kuɗin tokumbo mai zubi na 8. Bambancin ba na suna ba ne kawai: Core i5-7200U ƙwaya biyu gare shi, i5-8250U kuwa huɗu, wato akwai wurin da Indexer zai yi aikinsa kai ma kana naka. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, sai dai daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ne. HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 7490 da ThinkPad T480 duk na wannan zamanin ne, sai dai an fitar da wasunsu da zubi na 7, don haka kada ka yarda da sitikar da ke jiki, buɗe Task Manager ka shiga Performance ka karanta da idonka. Ka guji sabbin nan masu ƙyalli da araha, masu Celeron da ram 4 da ma'ajiyar eMMC. Araha ba ta ado. Wanda kuma ke tunanin gudu zuwa MacBook, can ma akwai Spotlight, irin nasu Indexer ɗin, kuma ɓangarensa mai suna mds_stores yakan yi irin wannan hawan a Activity Monitor, wato Task Manager ɗinsu.

Farashi ban sa a nan ba domin da dala yake tafiya. Ka tambayi shago uku, ka shiga ciki da ƙafarka maimakon bin 'yan kamashon bakin titi, kuma a rubuta lambar siriyal da kwanakin garanti a rasit. Sabuwar da ka kawo gida ma za ta yi huci a kwanakin farko bayan ka zuba mata fayiloli. Kafin ka mayar da ita shago, buɗe Indexing Options ka ga ko ya rubuta Indexing complete.