Sharhi kan rangadin yini guda a tsibirin Jarba

Yawancin baƙin da ke zuwa Jarba, tsibirin da ke kudu maso gabashin Tunisiya, ba sa wuce otal-otal ɗin da aka jera a bakin teku, alhali kuwa abin kallon yana can cikin garuruwa da ƙauyuka. Shi ya sa na biya kuɗin rangadin yini guda a ƙaramar mota tare da ɗan jagora. Kuɗin bai tafi a banza ba, sai dai yadda aka raba lokacin bai gamsar da ni ba.

An fara da Humt Suk, babban garin tsibirin, inda aka kai mu ganuwar Burj al-Kabir, wadda ke tuna wa jama'a yaƙin 1560 lokacin da jiragen ruwan Turkawa suka fatattaki rundunar Sifaniya da ƙawayenta. Ganuwar ba ta burge ni kamar kasuwar kifi ba. A can masu gwanjo suna zaune a kan dogayen kujeru, kowa ya ɗaga kifin da aka tsire a ganyen dabino yana kiran farashi, masu saye kuma na ta ƙari har a sallama wa wanda ya fi. Wanda ya saya yana iya miƙa kifinsa ga masu gashi da ke kusa, su gasa masa ya biya ladan aiki, amma ɗan jagoranmu bai ba mu wannan dama ba, domin an riga an tanadi wurin cin abinci. A tashar jiragen ruwa kuma na ga tulin ƙananan tukwane, waɗanda masunta ke zurawa ƙasan teku don kama halittar nan mai hannuwa takwas, wadda ke shiga ciki da zaton ta sami mafaka.

Abincin rana ya wanke mini rai. An kawo mana birik, wato siririn ɓawon fulawa da aka naɗe ƙwai da kifi a ciki aka soya, sannan shinkafar Jarba, wadda ake cuɗawa da ganyaye da nama da kayan yaji a turara ta gaba ɗaya. Duk wanda ya saba da dambun shinkafa ba zai ji baƙunta ba, ko da yake yajin harisa da suke ajiyewa a gefe sai an yi hattara da shi.

Da azahar muka isa Gallala, ƙauyen maginan tukwane, inda ake haƙo yumɓu daga ramuka masu zurfi, ɗakunan aikin ma rabinsu a cikin ƙasa suke saboda laima da sanyi. Nan ne matsalar ta fara, domin an bar mu mun daɗe a shagon sayar da kayan tsaraba, aka ƙara da na dardumai, har lokacin da ya kamata a ba masallatai ya ƙure. Wannan kuwa babbar asara ce, don masallatan mabiya mazhabar Ibadiyya na Jarba, farare masu kaurin bango da gajerun hasumiyoyi, an gina da yawa daga cikinsu ne su zama wurin ibada da karatu da kuma mafaka idan mahara sun ɓullo ta teku, kuma suna cikin abubuwan da suka sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shigar da tsibirin jerin wuraren tarihi na duniya a 2023. Masallacin Fadlun kaɗai muka tsaya, shi ma a tsaitsaye.

An rufe da ƙauyen Riyad, inda tun 2014 masu zane daga ƙasashe daban-daban suka ƙawata bangayen gidaje, da majami'ar Yahudawa ta Gariba, wadda ake shiga bayan binciken jami'an tsaro, a tuɓe takalmi, a rufe kai. Ɗan jagoran ya san tarihin wurin sosai, ya kuma yi bayaninsa da mutuntawa.

Wanda ke son irin wannan rangadi gara ya ɗauki mota shi kaɗai ko da iyalinsa, ya faɗa tun farko cewa ba ya son tsayawa a shaguna, kuma kada ya zaɓi ranar Asabar, domin majami'ar a rufe take.